Yadda ake daidaita agogon saba ta hanyar rezo ba tare da an rikita ayyukan cron ba

Agogon saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, ba ya zama daidai da kansa. In aka bar shi wata uku babu mai dubawa, za a tarar ya yi gaba ko ya yi baya da minti biyu ko uku, wani lokaci fiye da haka. Abin da hannu ke saurin kaiwa shi ne `date -s` ko `ntpdate`: umarni ɗaya, agogo ya dawo daidai. Amma a saba mai aiki, ta asibiti ce ko ta asusun ajiya da bashi ko ta makaranta, wannan umarni ɗaya kan sa kwafin ajiyar dare ya gudana sau biyu, ko aikin ƙarshen wata ya tsallake, ko rasit ɗin da aka yanka daga baya ya fito da lokacin da ya riga na farko. Gyaran agogo ba shi da wuya. Abin da ke buƙatar hankali shi ne yadda za a gyara shi alhali ayyuka na tafiya a kansa.

Me ke sa agogo kaucewa

Agogo biyu ne a kowace saba. Akwai na allon uwa, wanda ake kira RTC, mai ɗan dutsen kwaz da ke kaɗawa sau 32,768 a sakan, kuma batir ɗin CR2032 mai bolt 3 ke riƙe shi idan wuta ta ɗauke. Akwai kuma na tsarin aiki, wanda Linux ke karantowa daga RTC lokacin tashi, daga nan ya ci gaba da ƙirga nasa. Shi wannan na biyun ne rumbun bayanai ke kallo, haka ma cron, manhajar da ke tayar da ayyuka bisa jadawali.

Ana auna kaucewa da ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Ppm ɗaya sakan 0.0864 ne a yini. Na'urar da ke kauce da ppm 50 tana tara sakan 4.3 kullum, minti biyu da ƴan sakanni a wata, kuma kafin wata uku ta wuce minti biyar ɗin da Kerberos, tsarin tantance masu shiga, ke yafewa, sai ma'aikata su wayi gari Active Directory, mai riƙe da asusun ma'aikata a Windows, ta ƙi karɓar kalmar sirrinsu. Zafi yana da hannu a ciki. Dutsen RTC an yanka shi ne don ya yi daidai a wajajen digiri 25. A digiri 45 yana lafawa da kusan ppm 14, fiye da sakan ɗaya a yini. A Damagaram, inda bazara ke wuce digiri 40 kuma sau da yawa injin wuta, wato gurup, ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, saba kan sha zafi da rana ta sha sanyi da dare. Saboda haka kaucewar ba lamba ɗaya ba ce da za a lissafa sau ɗaya a huta. Tana canzawa da yanayi, dole a sami manhajar da ke bibiyarta kullum.

Tsalle da lallaɓawa

Hanya biyu ake gyara agogo. Ta farko tsalle: agogo na 10:07, sai a ce masa yanzu 10:02 ne, nan take. Ta biyu lallaɓawa: a ɗan rage masa gudu ko a ƙara masa, har ya haɗu da lokacin gaskiya. A lallaɓawa kowane minti yana zuwa, sau ɗaya, a jere. Tsawonsa ne kawai ke ɗan canzawa. Shi ya sa cron ba ya ma sanin an yi gyara.

Kowace manhajar daidaita agogo da halinta a nan. Tsohuwar ntpd tana tsalle idan tazarar ta wuce milisakan 128, tana kuma kashe kanta idan ta wuce sakan 1000. Lallaɓawarta ba ta wuce ppm 500 ba, wato sakan ɗaya na cin minti 33, minti ɗaya na cin awa 33. Ita systemd-timesyncd, wadda ke zuwa a kunne a sabobin Debian da Ubuntu da yawa, tana tsalle da zarar tazarar ta haura sakan 0.4, kuma ba a iya hana ta. Chrony kuwa ba ta tsalle sai an ba ta izini, kuma tana iya lallaɓawa har ppm 83,333, kashi ɗaya cikin goma sha biyu: minti ɗaya a cikin minti 12, minti biyar a cikin awa guda. Ta kuma fi sauran jure rezo mai yankewa. Ita za a yi aiki da ita a nan.

Yanzu ga abin da cron ke yi idan an yi masa tsalle, domin da yawa suna ɗauka ba ya yin komai. Cron na Debian da cronie na dangin Red Hat suna riƙe da nasu lissafin mintin da suka tsaya. Idan agogo ya yi gaba da abin da bai wuce minti biyar ba, cron zai bi mintunan da aka tsallake ɗaya bayan ɗaya ya gudanar da duk abin da ke cikinsu, har da masu tauraro a layin jadawalinsu irin `* * * * *`, wato kowane minti. Aikin da ke gudana kowane minti zai tashi sau huɗu ko biyar kusan lokaci guda, suna cin karo da juna. Daga minti biyar zuwa awa uku, ayyuka masu tsayayyen lokaci irin `30 1 * * *`, wato 01:30 kullum, duk za su tashi a jere, masu tauraro kuma sau ɗaya. Idan baya aka yi, ƙasa da awa uku, masu tsayayyen lokaci ba za a maimaita su ba, amma masu tauraro a gurbin awa ko minti za su bi sabon lokaci, don haka `0 * * * *`, na farkon kowace awa, zai sake gudana idan an koma bayan ƙarfen da ya riga ya buga. Abin da ya wuce awa uku cron na ɗaukarsa gyara ne kawai: wanda aka tsallake ya tafi, wanda aka koma wa zai maimaitu.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba: wannan kariya tana cikin ƙwaƙwalwar cron ne yayin da yake gudana. Idan ka tsayar da shi, ka mayar da agogo baya, ka sake kunna shi, ya manta abin da ya yi, zai kuma maimaita shi. Kuma crond na BusyBox, wanda ke cikin Alpine da ƙananan na'urori, ba ya bin wannan ƙa'ida ta awa uku, kada ka dogara da ita a can.

Kafin ka taɓa komai

Fara da `timedatectl`. Abu na farko da za ka duba shi ne shiyyar lokaci, domin a nan ƙasar kuskure ne da ke yawan faruwa. Wanda ya girka tsarin da Faransanci sau da yawa yakan bar Europe/Paris. Lokacin sanyi Faransa tana kan UTC+1, wato awa ɗaya gaba da lokacin duniya na UTC, daidai da Nijar, babu wanda zai ga aibu. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuwa tana kan UTC+2, sai saba ta riga gari da awa guda. Mai kula ya ga haka, ya ja agogo baya da hannu, ya ɓata UTC ɗin da ke daidai. Ba agogo ne ya kauce ba, shiyya ce. Gyaranta `timedatectl set-timezone Africa/Niamey`, sannan a sake tayar da cron da rumbun bayanai, don sun karanta shiyyar tun lokacin da suka tashi. Wannan ma a wajen cron tsallen awa guda ne, a yi shi a lokacin da babu aiki a awar da za ta maimaitu. Nijar ba ta canza agogo a shekara, saboda haka da zarar an gyara an huta. Ka kuma tabbata layin RTC in local TZ yana cewa no. In ba haka ba, `timedatectl set-local-rtc 0`.

Na biyu, gano duk mai taɓa agogon. `systemctl status systemd-timesyncd ntp ntpd ntpsec chrony chronyd` zai nuna wanda ke kunne. Sai ka bincika `grep -rE "ntpdate|rdate|hwclock|date -s" /etc/cron* /var/spool/cron /etc/rc.local`. Layin ntpdate da wani ya ajiye a crontab, fayil ɗin jadawalin cron, shekarun baya shi ne ke yin tsalle kowace awa ba a sani ba. Manhaja ɗaya tak ya kamata ta riƙe agogo. Biyu za su yi ta ja-in-ja, wannan ta gyara waccan ta ɓata.

Na uku, rubuta ayyukan. Crontab na kowane mai amfani, `/etc/crontab`, `/etc/cron.d`, `systemctl list-timers --all`, `atq`, da waɗanda ke ɓoye cikin manhajoji: pg_cron a PostgreSQL, event scheduler a MySQL, jadawalin manhajar albashi ko ta kwafin ajiya. Gaban kowane aiki ka amsa tambaya biyu: in ya gudana sau biyu me zai ɓaci, in bai gudana ba wa zai sani. Aikin share fayilolin wucin gadi ko sau goma ya gudana babu komai. Aikin da ke ɗora riba a asusun mutane ko aika saƙon tunatarwa ga marasa lafiya, sau biyu ɓarna ce.

Girka chrony ba tare da ta yi tsalle ba

A Debian da Ubuntu, `apt install chrony` yana tayar da manhajar nan take, kuma fayil ɗin da ke zuwa da ita yana ɗauke da `makestep 1 3`. Ma'anarsa: a gyare-gyare uku na farko bayan chronyd ta tashi, in tazara ta wuce sakan ɗaya, a yi tsalle. Wato girkawar kanta za ta yi abin da kake gudu. Ka toshe ta tukuna:

```
systemctl mask chrony.service
apt install chrony
chronyd -Q -t 30 'pool africa.pool.ntp.org iburst'
```

Zaɓin `-Q` yana auna tazarar ya faɗa maka sakan nawa ne, ba tare da ya taɓa agogo ba. Maimaita sau uku, ka kwatanta `date` da agogon wayarka don ka tabbatar gaba saba take ko baya. In babu amsa, ƙofar UDP 123 ce aka rufe a katangar tsaro, ko DNS ba ya aiki.

Yadda NTP, ƙa'idar tambayar lokaci ta rezo, ke aunawa yana da amfani a sani, don shi ke nuna iyakar abin da za ka samu. Saba ta aika tambaya, ta rubuta lokacin fita da na dawowar amsa. Mai amsawa ya rubuta lokacin isowa da na mayarwa. Lissafin yana ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne. In ba ɗaya ba ne, kuskuren zai iya kaiwa rabin tafiyar gaba ɗaya. A layin VSAT, inda zuwa da dawowa ke kai wajen milisakan 600, kuskure zai iya kusantar 300. Ga cron wannan ba komai ba ne. Abin da ke damun ofis shi ne sabobinsa su saɓa wa junansu, shi ya sa ba a barin kowace ta nemi lokaci daga waje. A zaɓi na'ura ɗaya ta ainihi, ba VM ba (na'urar da manhaja ta ƙirƙira cikin wata), wadda ke kan UPS mafi ƙarfi, ita ta tambayi waje, sauran su tambaye ta. Ita ce uwar agogo. Ga fayil ɗinta, `/etc/chrony/chrony.conf` a Debian, `/etc/chrony.conf` a Rocky ko Alma:

```
pool africa.pool.ntp.org iburst maxsources 3
server time.cloudflare.com iburst
driftfile /var/lib/chrony/chrony.drift
# makestep 1 3
maxslewrate 5000
rtcsync
logchange 0.5
allow 192.168.10.0/24
local stratum 10
```

Majiya huɗu ce, da dalili. Ɗaya in ta yi ƙarya babu mai kama ta. Biyu in sun saɓa ba a san wadda za a gaskata ba. Uku suna fitar da rinjaye, ta huɗu kuma don in ɗaya ta ɓace a bar uku. `driftfile` yana ajiye ppm ɗin da chrony ta koya game da wannan na'ura, don in intanet ya yanke ta ci gaba da gyara da abin da ta sani. `rtcsync` yana sa a kwafe lokaci zuwa RTC kowane minti 11. `local stratum 10` yana ba ta damar ci gaba da ba sauran lokaci ko babu waje, don su kauce tare maimakon kowace ta kama gabanta. In na'urori biyu ka ware wa wannan aiki, ƙara kalmar `orphan` a layin, kowace kuma ta sa ƴar'uwarta cikin majiyoyinta.

`maxslewrate 5000` zaɓi ne. Cron zai jure cikakken gudun chrony, inda minti ke zama sakan 55 ko 65. Amma duk manhajar da ke auna tsawon lokaci za ta yi kuskuren kashi 8 cikin ɗari muddin ana gyaran. A ppm 5000 minti ɗaya na cin awa 3 da minti 20, minti biyar kuma awa 16 da minti 40. Sannu ba ta hana zuwa, kuma ga saba mai rumbun bayanai wannan ya fi.

A sauran sabobin, cire `pool`, `allow` da `local`, ka sa `server 192.168.10.5 iburst` da adireshin taka. Rassan da ke Mirya, Magarya, Tanut ko Gure, in suna haɗe da babban ofis ta VPN, su sa ta ofis da kalmar `prefer`, su ƙara majiyoyin waje uku, don VPN na yankewa. Sai `systemctl unmask chrony`, sannan `systemctl enable --now chrony`. Fara da uwar agogon, ka bari ta zauna, kafin ka juyo da sauran gare ta. `chronyc tracking` zai nuna layin System time da kalmar slow ko fast, lambar kuma tana raguwa a hankali.

Inda tsalle ya zama dole

Tazarar da ba ta kai minti biyar ba, a lallaɓa. Daga nan zuwa rabin awa ma ana iya lallaɓawa da cikakken gudu, awa shida ke nan a mafi yawa, sai in Kerberos ko lambobin shiga masu canzawa kowane sakan 30 sun riga sun tsaya, mutane na jira. Abin da ya kai awanni ko kwanaki, tsalle ne, amma a shirye.

Kada ka zaɓi tsakar dare don ofis ya yi shiru. Dare shi ne kasuwar saba: kwafin ajiya, rufe lissafin yini, sannan ayyukan Debian da ke tashi 06:25 kullum, 06:47 ranar Lahadi, 06:52 ranar ɗaya ga wata, da na kowace awa a minti na 17. Duba takardar da ka rubuta ka nemi giɓin da ya fi tazarar faɗi. Sau da yawa hantsin Asabar ne.

Tsayar da cron da atd da timers ɗin da ka ware, ka jira ayyukan da ke gudana su gama. In baya za a yi, tsayar da manhajar da ke rubutu da rumbun bayanan ma. Rubuta abin da `date` ya nuna. Sannan:

```
chronyc makestep
chronyc tracking
hwclock --systohc --utc
```

In gaba aka yi, duba takardarka, ka gudanar da hannu duk aikin da ya faɗa cikin lokacin da aka tsallake, sannan ka kunna cron. In baya aka yi, kada ka kunna cron ko rumbun bayanai sai sabon agogo ya wuce lokacin da ka rubuta. Minti ashirin na jira ya fi kwana biyu ana warware layukan da lokacinsu ya hau kan juna, musamman ranar da za a maido da rumbun zuwa wani takamaiman lokaci. In agogon ya riga gaskiya da kwanaki, jira ba zai yiwu ba: sa alamar # gaban ayyukan da suka riga suka gudana da kwanan watan da za a maimaita, ka duba tambarin da ke `/var/lib/systemd/timers` da `/var/spool/anacron`, ka gyara duk wanda ke ɗauke da kwanan wata na gaba.

Timers na systemd iri biyu ne. Masu `OnBootSec` da `OnUnitActiveSec` suna bin agogon da ke ƙirga daga tashin na'ura, tsalle ba ya shafarsu. Masu `OnCalendar` suna sake lissafi idan agogo ya canza, kuma ko lokuta nawa aka tsallake sau ɗaya za su tashi.

Idan wuta ta dawo

Nan ne sabobinmu suka fi jin jiki, kuma nan ne yawancin tsare-tsare ba su kai ba. Wuta ta ɗauke, UPS ya ƙare kafin a tayar da gurup, komai ya mutu. Da ta dawo, saba ta tashi cikin minti biyu, amma modem da eriya sai bayan minti biyar ko goma, wani lokaci intanet sai la'asar. Cron ya riga ya fara aiki da duk abin da RTC ta faɗa. In `makestep 1 3` na nan, gyare-gyare ukun farko za su zo ne lokacin da intanet ya dawo, ana tsakiyar aiki. Ƙirgar ba daga tashin na'ura take farawa ba, daga amsar farko ce.

Bayan agogo ya zauna, mayar da `makestep 1 3` a sabobin da ke tambayar uwar agogo, don tsalle a lokacin tashi shi ne mafi aminci, in dai ya riga ayyuka. Don ya riga su, kunna `systemctl enable chrony-wait.service`, wanda ke riƙe `time-sync.target` har agogo ya daidaita. Timers masu `OnCalendar` suna jiran wannan da kansu, crond na dangin Red Hat ma haka. Na Debian ba ya jira, sai ka ce masa. `systemctl edit cron`, ka rubuta:

```
[Unit]
Wants=time-sync.target
After=time-sync.target
```

Haka za ka yi wa rumbun bayanai. Jiran yana da iyaka ta ƴan mintuna, `systemctl cat chrony-wait` zai nuna maka. In ya ƙare cron zai tashi ko agogo bai daidaita ba. Don haka a BIOS ka jinkirta tashin sauran sabobi, ko ka jera kunnawa: suwic da ruta, uwar agogo, sannan saura.

Ita uwar agogon bar ta ba `makestep`, tunda intanet ɗinta na iya jinkiri, ko ka ɗaga iyakar zuwa inda RTC mai lafiya ba za ta kai ba, kamar `makestep 600 3`. Amincinta duka yana kan batir ɗin nan na CR2032. In ya mutu, za ta tashi da kwanan watan masana'anta na shekarun baya, `local` kuma zai raba wa kowa wannan ƙarya. Auna shi da mita. In ya sauka ƙasa da bolt 2.8, canza shi, kuma zafi na cinye shi da wuri fiye da yadda aka saba ji. Ƙara zaɓin `-s` a `/etc/default/chrony` ko `/etc/sysconfig/chronyd` bayan komai ya zauna: in RTC ta kawo lokacin da ya gabaci rubutun ƙarshe na driftfile, chrony za ta ɗauki na fayil ɗin. Kuskuren awanni ke nan maimakon na shekaru.

Ayyukan su ma su kare kansu

Ko an yi duk wannan, wata rana agogo zai yi tsalle. Aikin da maimaitawa ke ɓatawa a sa masa kulle da alama:

```
30 1 * * * root flock -n /run/lock/riba.lock /usr/local/bin/riba.sh
```

A cikin `riba.sh`:

```
alama=/var/lib/ayyuka/riba-$(date +%F)
[ -e "$alama" ] && exit 0
chronyc waitsync 6 0.5 || exit 1
/opt/asusu/lissafa-riba && touch "$alama"
```

`flock -n` yana hana biyu gudana tare, alamar tana hana maimaitawa a rana ɗaya, `waitsync` kuma yana dubawa sau shida, sakan goma tsakani, ya ƙi ci gaba in sauran gyara ya wuce rabin sakan. Ka sa aikin ya aika saƙo in ya fasa, kada ya fasa shiru. A rubuta `date +%F` cikin fayil, ba a crontab ba, don can alamar % tana nufin sabon layi. Wanda ya fi kowa buƙatar wannan shinge shi ne mai sharewa, irin `find /ajiya -mtime +30 -delete`. Agogo ya yi tsallen wata biyu gaba na ƴan mintuna, aikin ya ga duk kwafin ajiya sun tsufa, ya share su. Layin `maxchange 300 3 -1` a chrony.conf yana taimakawa: bayan gyare-gyare uku na farko, duk gyaran da ya wuce sakan 300 za ta ƙi shi ta rubuta a rajista, har mutum ya zo ya duba.

VM da Windows

Kwantena, irin ta Docker, ba ta da agogon kanta, na uwar na'ura take gani, can za a gyara. VM tana da nata, kuma masu ja biyu: chrony a ciki, kayan VMware ko Hyper-V daga waje. Zaɓi ɗaya. VMware Tools, ko an kashe daidaitawar lokaci-lokaci, tana yin gyara na sau ɗaya bayan snapshot ko ƙaura zuwa wata uwa, don haka uwayen ma dole su bi uwar agogon ofis. VM da aka dakatar na awa biyu za ta farka a baya da awa biyu. A ɗauke ta kamar tsallen da aka shirya, a tsayar da cron kafin dakatarwa. A Windows, mai riƙe da matsayin PDC, wato jagoran sabobin Active Directory, shi kawai ake nuna wa majiya, sauran na bin sa, kuma `w32tm /query /status` da `w32tm /stripchart /computer:192.168.10.5` suna nuna halin da ake ciki.

Majiyar da za a amince da ita

Kada a haɗa time.google.com da sabobin pool. Google tana shafe sakan na ƙari, wanda ake ƙara wa agogon duniya jefi-jefi, a cikin awa 24, pool kuma na saka shi lokaci guda, saboda haka a ranar za su saɓa har rabin sakan. An saka na ƙarshe ranar 31 ga Disamba 2016, wanda a agogon Nijar ya faɗo 00:59:60 na 1 ga Janairu 2017, kuma a 2022 taron ma'aunai na duniya ya yanke a daina nan da 2035. In kana so chrony ta lallaɓa shi maimakon tsalle, `leapsecmode slew`.

Ofishin da intanet ɗinsa ke yankewa kwanaki ya sa wa uwar agogo na'urar GPS mai fitar da bugun PPS, bugu ɗaya kowane sakan, eriya a kan rufi inda take ganin sama, a haɗa ta da gpsd, manhajar da ke karanta GPS, da layukan `refclock SHM` da `refclock PPS`. Amma kada ta zama ita kaɗai. Ranar 24 ga Oktoba 2021 wani kuskure a gpsd, daga siga 3.20 zuwa 3.22, ya mayar da na'urori baya da mako 1024, zuwa Maris 2002. Majiyoyin intanet da `maxchange` su ne ke kama irin wannan.

Bayan kwana ɗaya, sannan bayan mako, duba `chronyc sources -v`. Alamar `^*` ita ce majiyar da aka zaɓa, `^+` masu tallafa mata, `^x` wadda sauran suka ƙaryata, `^?` wadda ba a samu ba. A gurbin Reach ana son 377, wato tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun sami amsa. 376 ko 357 amsa ɗaya ce ta ɓace, in kuma yana yawan sauka ƙasa da haka layin ne ke zubar da saƙo. A `chronyc tracking`, layin Frequency shi ne ppm ɗin na'urarka. Rubuta shi a hunturu, ka sake rubutawa a watan Afrilu. In ya yi ta hawa da sauka da ppm masu yawa tsakanin rana da dare, je ka duba fanka da ƙurar da ta toshe matatar iska kafin ka taɓa chrony.conf.